Martani: Ba Kowane Gilashi Ne Ake Samun Na Biyunsa Ba

Na karanta makalar da ɗan'uwanmu likita ya rubuta game da ɗakunan gwajin nama da ke ɗaukar gilashin da aka riga aka rina, su wanke rinin ko su ɗora wani a kansa, idan ɗan naman da aka ciro daga jikin majinyaci ya ƙare ba a kai ga amsa ba. Bai yi kwana-kwana ba wajen yanke hukunci. A daina kwata-kwata, in ji shi, domin a ganinsa ƙwauro ne aka yi wa ado da sunan dabara, kuma duk inda nama ya ƙare sai a koma a ciro wani. Ba ni da ja a kan niyyarsa. Tsoron kada a miƙa wa mutum sakamakon ƙarya ne ya sa shi ɗaukar alƙalami, tsoro ne kuwa da ya kamata ya zauna a zuciyar duk mai wannan aiki. Hukuncin ne ban yarda da shi ba, saboda ya tsallake abin da maganar duka ta rataya a kai. Naman da za a ciro karo na biyu ba shi ne na farko ba, kuma akwai ranar da abin da ake tambaya a kansa ba ya ko'ina sai a kan wannan gilashi guda.

Ga wanda bai taɓa leƙa ɗakin ba, ga yadda abin yake. Likita ya soka allura cikin ƙari, a nono ko huhu ko hanta, ya zaro siririn nama mai kaurin wajen milimita 1, tsawonsa santimita 1 zuwa 2. A jefa shi cikin fomalin don kada ya ruɓe, a tsotse ruwan jikinsa da alkohol, a wuce da shi ta zailin, a daskarar da shi cikin kakin farafin. Wannan dunƙulen kaki shi ne bulok. A ɗora shi a injin yanka ana fere shi falle-falle, kowane falle kaurin maikuron 4, wato kashi 4 cikin 1,000 na milimita. Na farko a shimfiɗa shi a kan gilashi a rina da hematoksilin da iyosin, cibiyoyin ƙwayoyi su yi shuɗi, sauran jikinsu ya yi ruwan hoda. Da shi ake fara dubawa a madubin likita. In ido bai raba gardama ba sai a nemi rinin antibodi, wanda ake kira IHC: a ɗiga wa wani sabon falle antibodin da ke kama furotin guda tak, duk inda ya kama wurin ya koma ruwan ƙasa. Bisa al'ada kowace tambaya da nata fallen.

A lissafin takarda, milimita 1 zai ba da falle 250. A hannun mai juya injin ba ya ba da ko kusa da haka. Naman ba ya kwanciya daidai cikin kaki, wani gefe ya nutse, wani ya taso, sai wuƙa ta share da yawa kafin ta sami cikakkiyar fuska. Duk kuma lokacin da aka sauke bulok aka sake ɗora shi washegari, zamansa ya ɗan karkace, sai an sake sharewa, abin da aka share kuwa ya tafi ke nan. Ga shi ba duka tsawon naman ne ƙari ba. Wani lokaci 'yan ƙwayoyi ne cure a baki ɗaya, sauran kitse ne da mataccen nama. Bayan tambaya uku ko huɗu sai ka ɗaga bulok ɗin zuwa haske ka ga kaki fari fat, sai ɗan inuwa a gurbin da nama ya taɓa kwanciya.

A ɗauki furosteti, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. An saba ciro silin nama 12 a zama ɗaya. A cikin ɗaya sai a ga wasu 'yan ƙananan zobba na ƙwayoyi, uku ko huɗu, waɗanda zubinsu bai kwanta wa likita a rai ba. Lafiyayyen zobe yana da layin ƙwayoyi na tushe da ke kewaye shi ta waje, na sankara ba shi da shi, kuma antibodin p63 yana fito da wannan layi sarai. Sai a koma ga bulok a yanko sabon falle, a duba, a tarar zobban nan babu su. Faɗinsu bai kai abin da wuƙa ta share ba. Yanzu fa, a duk duniya, hotonsu bai rage ko'ina ba sai a gilashin farko. Shawarar ɗan'uwana ita ce a rubuta cewa akwai abin zargi, a sa dattijo ya dawo a sake soka masa allura sau 12, da fitsarin jini da haɗarin zazzaɓin da kan kwantar da mutum a gado, ba kuma tare da wani tabbacin cewa allurar za ta sake faɗa wa wannan ɗigo ba. In ta kauce, sakamako na biyu ya fito tas, kowa ya yi hamdala, tambayar farko kuwa tana nan ba a amsa ta ba. A gefe guda ga gilashin a cikin tire. A cire murfinsa, a wanke rinin, a ɗora p63, lafiyayyun zobban da ke maƙwabtaka su yi ruwan ƙasa su nuna cewa gwajin ya ci, sannan a dubi waɗanda ake zargi. Ban ga ta yadda hanya ta farko ta fi ta biyu kare majinyaci ba.

Hujjarsa ta farko ita ce wanke rini yana lalata furotin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a dubi abin da naman ya riga ya sha kafin a zo nan: sa'o'i cikin fomalin, alkohol, zailin, narkakken kaki mai zafin wajen digiri 60. Sannan tun 1991, lokacin da Shan-Rong Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa dafa falle cikin ruwa yana buɗe furotin da fomalin ya ɗaure, kusan kowane gwajin IHC da tafasa yake farawa. Falle da za a tafasa, tsoma shi na 'yan daƙiƙoƙi cikin alkohol mai ɗan asid ba shi ne babban abin da ya same shi ba. Iyosin ma da kansa yake fita cikin ruwa da alkohol, tafasar kuma tana kwashe mafi yawan abin da ya rage. Gaskiya ne wasu furotin suna raunana, wasu ba sa ko gezau, kuma ba a sanin wanne ne wanne da zato. Wannan dalili ne na a gwada kowane antibodi shi kaɗai. Ba dalili ne na a haramta su duka ba.

Abin da ya fi cin mutane a wannan aiki ma bai ambata ba, wato faɗuwar falle. Gilashin rinin yau da kullum sau da yawa ba mai danƙo ba ne, ba a shirya shi don tafasa ba. Ka jiƙa shi cikin zailin ya kwana, in tsohon gilashi ne ya yi kwanaki, ba ka tura murfin ba, ba ka ɓanɓara ba, ka bar shi ya zame da kansa. Ka bi da shi ta alkohol a hankali har zuwa ruwa. Sai ka sa shi a tukunyar dafawa, ka buɗe, ka ga fallen yana yawo a saman ruwa ya naɗe, gilashi wayam. Wannan asara ce da ba ta da gyara, kuma ita ce ta sa ba a miƙa wannan aiki ga wanda bai ƙware ba. Tana da rigakafi dai. A rage zafi a tsawaita lokaci, a zaɓi ruwan sitret mai sauƙi inda antibodin ya yarda da shi, ko a yi abin da masu gwajin ƙwayoyin shafe suka daɗe suna yi: a zuba wa fallen wani ruwan danƙo, ya bushe, a ɓare shi ɗungum da naman a jikinsa, a mayar kan gilashi mai riƙo. Har akan raba shi biyu ko uku da reza, kowane yanki ya amsa tambaya dabam.

Hujja ta biyu ta shafi gilashin da aka riga aka yi wa IHC. Ya ce ragowar antibodin farko za ta ba da launi na ƙarya. A nan sai an bambance. Launin ruwan ƙasan nan daga sinadarin DAB yake, kuma da zarar ya zauna ba ya narkewa cikin alkohol ko zailin. Kowane marini ya san farin ƙyalle yana karɓar duk launin da aka so, amma wanda ya riga ya sha baba ba ya komawa fari. Gilashin da ya yi ruwan ƙasa ko'ina ba wanda ke da hankali da zai ce a goge a sake. Wanda ake magana a kai shi ne wanda ƙarin bai kama komai ba. Misali, ƙari ne da ƙwayoyinsa suka rikiɗe har ba a gane asalinsu. Aka ɗora antibodin keratin, bai kama ba, ke nan da wuya ya zama irin sankarar da ke tasowa daga fata ko shimfiɗar cikin gaɓoɓi. Nama ya ƙare. Gilashin nan da ƙarin ya fito fari a kansa har yanzu falle ne mai ƙwayoyin da ake nema. A sake tafasa shi, zafin ya lalata abin da ya rage na antibodin farko, a ɗora CD45. In ya zagaye bangon kowace ƙwaya da ruwan ƙasa, an kama hanyar limfoma, cutar da maganinta ya sha bamban da na waccan, wasu nau'o'inta ma ana warkewa sarai. Ƙwararre kuma yakan zaɓi na biyun ya zama mai zama a wani sashe dabam na ƙwaya, in na farko na jiki ne na biyu ya zama na cibiya ko na bango, yadda ko da wani abu ya rage ido zai gane na wane ne.

Ya kuma kira abin aikin talauci, wai dabarar wuraren da ba su da hali ce. Tarihin bai goyi bayansa ba. A 2009 masu bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka wallafa hanyar rina falle ɗaya, a ɗauki hotonsa, a goge, a sake rinawa, ta amfani da AEC, wani jan launi da ke narkewa cikin alkohol. A 2016 wata ƙungiya a asibitin Mount Sinai da ke New York ta faɗaɗa wannan har zuwa antibodi wajen 10 a gilashi guda. A Milan ta Italiya, ɗakin Giorgio Cattoretti ya yi shekaru yana aiki a kan sinadaran da ke ɓamɓare antibodi daga falle ba tare da kashe furotin ɗin da ke ƙasa ba. Waɗannan ayyukan bincike ne, ba na ce su ne aikin asibiti na kullum ba. Abin da suka tabbatar shi ne falle yana jure zagaye fiye da ɗaya. Ba rashin kuɗi ne ya kai mutanen nan ga wannan ba. Naman ne ƙarami a New York kamar yadda yake ƙarami a ko'ina, tun da allura ta maye gurbin wuƙar tiyata a yawancin gwaje-gwaje. Shi ya sa rabe-raben sankarar huhu na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ja kunne a taƙaita rini, antibodin TTF-1 da p40 sun isa a mafi yawan lokuta, don a bar nama ga gwajin ƙwayoyin gado irin su EGFR da ALK waɗanda ke zaɓar wa majinyaci magani.

Maganar shaida ita ce ta fi nauyi a cikin abin da ya kawo, kuma na ɗauke ta da nauyinta. Gilashin farko shi ne hujjar da aka gina sakamako a kai. In gardama ta taso bayan shekaru, shi za a ɗauko. Amma a dubi dokar ɗakunan gwaji ta Amurka: ta wajabta a ajiye gilashi shekara 10, bulok kuwa shekara 2 kacal ta wajabta. Ke nan ko a can akwai ranar da gilashi yana nan, bulok babu. Balle majinyacin da aka turo daga wani gari da gilashi ɗaya a naɗe cikin takarda, bulok ɗinsa ba wanda ya san inda yake. Abin da ake yi sananne ne. Kafin a taɓa murfin a ɗauki hoton fallen. Inda akwai na'urar kwafe gilashi gaba ɗaya zuwa kwamfuta, irin wadda hukumar magunguna ta Amurka ta fara amincewa da ita don yanke sakamako a 2017, a yi da ita. Inda babu, kyamarar madubi ko ta waya tana ɗaukar wurin da ake zargi. Likita na biyu ya duba ya sa hannu. In akwai gilashi biyu masu ɗauke da wurin, a taɓa ɗaya a bar ɗaya. A rubuta ƙarara a cikin sakamakon cewa a kan wankakken gilashi aka yi wannan rini. Fallen kuma ba ɓacewa ya yi ba, yana nan da sabon launi, da shuɗin hematoksilin a bayansa, siffar ƙwayoyin tana ganuwa.

Akwai inda nake tare da shi ɗari bisa ɗari, kuma da makalarsa a nan ta tsaya da ban ce uffan ba. Gwajin da ke auna yawa don a yanke ba da magani ko hana shi, irin ER da HER2 a sankarar nono ko PD-L1 a ta huhu, ba wurin wannan dabara ba ne sai ɗakin ya tabbatar da ita a kan wannan gwaji takamaimai. A ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na gwajin nama na Amurka suka fitar, ƙari yana shiga sahun masu ER ne da zarar kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyinsa sun kama. A irin wannan siririyar iyaka, ɗan raunin launi ya isa ya hana mace maganin tamoksifen. An kuma ga abin da hakan ke haifarwa. A lardin Newfoundland na Kanada, tsakanin 1997 da 2005, majinyata kusan 400 aka ba sakamakon ER na kuskure, har aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Margaret Cameron, wanda ya fitar da rahotonsa a 2009. A yankinmu ma, wani bincike na 2009 a kan majinyata daga Najeriya da Senegal ya sami ER a kusan kashi 24 cikin 100, alhali wani da aka yi a Ibadan aka wallafa a 2008 ya same shi a kashi 65. Nazarin da ya tattara binciken Afirka a 2014 ya nuna cewa yadda aka kula da nama kafin gwaji yana da hannu sosai a irin wannan rata.

To amma ɗan'uwana ya lura da abin da ya jawo waɗannan. Ba sake amfani da gilashi ba ne. Sababbin falle ne daga bulok, irin waɗanda yake ganin su ne tudun mun tsira. Matsalar nama ce da bai sha fomalin yadda ya kamata ba, da ɗaki marar tsarin binciken kansa, da ido da bai tsaya ya tambaya ko lafiyayyun ƙwayoyin nono da ke gefen ƙarin, waɗanda dole wasunsu su kama ER, sun kama ba. Wannan tambaya ita ce ke raba sakamako mai kyau da marar kyau, a sabon falle ko a wankakke. In maƙwabcin da ya kamata ya yi launi ya yi, gwajin ya ci, ana iya karanta rashin launi a ƙarin. In bai yi ba, ko babu shi a fallen, to farin gilashi bai ce komai ba, kuma dole a rubuta hakan, kada a rubuta cewa babu.

Sai maganar a sake cirowa, wadda ya faɗa a layi ɗaya kamar ba komai. Wani bincike na 2011 a Amurka a kan mutum fiye da 15,000 da aka soka wa allura ta ƙirji don ciro naman huhu ya nuna iska ta shiga ƙirjin kashi 15 cikin 100, wajen kashi 7 kuma sai da aka sa musu bututu. Wannan a jiki ke nan. A wurinmu akwai ƙari a kai. Matar da ta taso daga ƙauye zuwa asibitin koyarwa a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, daga aljihun iyali aka biya mota da kwana da allura da gwaji, wataƙila sai da aka sayar da akuya ko aka taɓa hatsin rumbu. Ta jira makonni. Ranar karɓar sakamako a ce mata nama bai isa ba, ta dawo a sake. Duk wanda ya zauna a asibitocin nan ya san da yawa ba sa dawowa, wasu kuma sai ciwon ya fashe. Kafin a faɗa mata wannan kalma, haƙƙinta ne a tabbatar an tatse duk abin da naman farko zai iya bayarwa. In an tatse bai isa ba, to a sake cirowa, ba wanda ya hana, kuma akwai lokutan da ita ce kaɗai hanya.

Ba na so a fahimce ni da cewa ina tallar wanke gilashi. Hanyar ƙarshe ce, kuma ɗakin da ke yawan komawa gare ta yana da gyara a farkon aikinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In sili uku aka ciro, a raba su bulok biyu ko uku, kada wuƙa ta ci su gaba ɗaya. A yanka 'yan falle na ajiya tun a zaman farko, kafin a sauke bulok, a kuma yi amfani da su da wuri, don falle tsirara yana rasa ƙarfinsa cikin makonni, balle a zafi da laima. Duk ƙaramin nama a shimfiɗa shi a gilashi mai riƙo tun daga rinin farko. Bambancin kuɗin kaɗan ne, kuma shi ke sa fallen ya tsira in buƙata ta taso. A haɗa antibodi biyu a falle ɗaya, ɗaya ruwan ƙasa ɗaya ja, inda an san suna zama tare. Likita kuma ya tsara tambayoyinsa kafin ya aika, kada ya yi ta aikowa ɗaya bayan ɗaya ana sake ɗora bulok.

Abin da nake roƙon ɗan'uwana shi ne ya mayar da ƙarfin da ya sa wajen neman haramci zuwa neman ƙa'ida. Ma'aunin ma akwai shi. Ƙungiyar likitocin gwajin nama ta Amurka, a jagoranta na 2014, ta ce kafin ɗaki ya fara aiki da gwajin IHC na gano nau'in ƙari ya gwada shi a kan nama 10 da aka san suna kamawa da 10 da aka san ba sa kamawa, na zaɓen magani kuwa 20 da 20, sakamakon ya dace da abin da aka sani a aƙalla kashi 90 cikin 100. Ba abin da zai hana a yi wa wankakken gilashi wannan jarrabawa. Naman manyan tiyata yana nan jibge a ma'ajiya, ba ƙarewa zai yi ba. A yanka falle biyu daga kowanne, ɗaya a yi masa IHC kai tsaye, ɗaya a rina shi, a rufe, a bar shi mako biyu, a wanke, sannan a yi masa. A ba likitan da bai san wanne ne wanne ba ya karanta. Antibodin da ya ci a rubuta sunansa a takardar ƙa'idar ɗakin, wanda ya faɗi a cire shi. A fara da keratin da CD45 da p63 da TTF-1 da p40, su ne aka fi nema ranar da bulok ya ƙare.